Yadda "Ƙanƙara" Ke Raba Aminai

A unguwannin Dutse irin su Takur, Garu da Limawa, abota kan fara ne tun daga makarantar allo, ta bi yara har sakandare da filin ƙwallo. Sai dai akwai wata ƙwaya da kan wargaza irin wannan zumunci cikin watanni kaɗan. Likitoci na kiranta metamfetamin. A titi kuwa ana ce mata "ayis" ko ƙanƙara, saboda kamar da take yi da ɓarɓashin ƙanƙara.

A 2011 ne hukumar NDLEA ta fara gano wurin da ake haɗa ta a Legas. Zuwa 2021 ta addabi matasan Kudu maso Gabas, inda ake kiranta "mkpuru mmiri", har al'ummomi suka tashi tsaye a kanta. Binciken da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi iri-iri cikin shekara guda.

Sau da yawa ta hannun aboki take shigowa. Zai ce maka tana kore barci, ka kwana kana karatun WAEC ko NECO. Gaskiya tana hana barci, amma ga yadda take yi: tana sa ƙwaƙwalwa ta kwararo sinadarin dofamin, mai kawo jin daɗi, fiye da kima. A hankali abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, kamar hira a majalisa da buga ƙwallo da yamma, sai su zama lami.

Daga nan abokai kan fara ganin sauyi. Wanda ba ya saɓa alkawari ya koma ƙarya. Ya ranci kuɗi bai biya ba. Ya ari waya ta ɓata. Ga rama, ga rashin cin abinci, ga saurin fushi. Mafi muni shi ne zargi. Kwanaki ba barci, tare da tasirin ƙwayar, kan sa ya ɗauka ana gulmarsa ko ana bin sa. Amininsa da ya tambaye shi lafiya ma sai ya zama abin tuhuma. Ƙarshe ya bar tsofaffin abokai, ya koma cikin masu sha irinsa.

To, me ya kamata aboki ya yi? Kada ka ba shi kuɗi, kada ka raka shi wajen saye, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada ka kunyata shi a aji ko a guruf ɗin WhatsApp. Ka yi masa magana a keɓe lokacin da yake cikin hayyacinsa. Idan ya fara surutai ko barazana, ka matsa, ka kira manya.

Mafi wuya shi ne idan ya ce ka rufa masa asiri. Wannan sirri ne da bai kamata a riƙe ba. Ka sanar da mahaifinsa, yayansa ko malamin da kuka amince da shi, a kai shi wajen likita, kamar a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. NDLEA ma tana da sashen ba da shawara. Zai iya ƙaurace maka na wani lokaci, amma jarabar ƙwaya cuta ce da ake jinyarta, kuma da wuri aka fi samun sauƙi.