Irin Shuka Ba Ya Shiga Ciniki

Idan kaka ta yi, manomi ya ɗaure dammunan geronsa, kafin ya kai rumbu sai ya zaɓi zangarniyar da ta fi ƙosawa ya ware ta gefe. Wannan iri ne. Ɗan kasuwa zai zo, a yi ciniki, a auna, a loda wa mota, amma ko nawa ya taya, irin nan ba ya cikin lissafi. Wanda ya sayar da nasa ya ci kuɗin yau, ranar da ruwa ya sauka kuma sai ya shuka abin da wani ya ga damar ba shi.

Haka wasu ƙasashe ke ɗaukar finafinansu da waƙoƙinsu da littattafansu idan an zauna ƙulla yarjejeniyar kasuwanci. Amurka, wadda ke da Hollywood da babbar kasuwar gida da ke ba ta damar sayar wa duniya fim da araha, cewa take fim haja ce kamar mota ko alkama, a buɗe kasuwa kowa tasa ta fisshe shi. Faransa ta ce sam. A 1993, ana dab da kammala tattaunawar da ta haifi Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, ta kafe har Turai ta ƙi ɗaukar alkawarin buɗe harkar fim da talabijin. Kanada ma ta keɓe al'adu a yarjejeniyarta da Amurka ta 1988, sharaɗin kuma yana nan a sabuwar da ta fara aiki a 2020.

Ba kowa ya iya riƙewa ba. A Koriya ta Kudu doka ta wajabta wa gidajen sinima nuna finafinan gida kwana 146 a shekara, amma a 2006, don a fara tattaunawar kasuwanci da Amurka, aka zabge su zuwa 73, 'yan fim suna ta zanga-zanga. Kanada kanta ta sha kaye a 1997 a ƙarar da Amurka ta kai ta kan kare mujallunta. Wannan na cikin abin da ya sa ita da Faransa suka dage a UNESCO, har a 2005 ƙasashe 148 suka amince da yarjejeniyar da ta ce kowace ƙasa na da 'yancin kare al'adunta. Amurka da Isra'ila kaɗai suka ƙi. Sai dai wannan takarda ba ta soke alkawarin da ƙasa ta riga ta ɗauka a wata yarjejeniya.

Ware iri ba rufe kasuwa ba ne, kuma irin da aka ajiye ba a shuka ba, ƙwari ne za su ci. Shi ya sa Faransa ba ta hana fim ɗin Amurka shiga ba, haraji take cirewa daga kuɗin tikiti ta zuba wa masu shirya nata. Tarayyar Turai ma a 2018 ta gindaya wa irin su Netflix cewa kashi 30 cikin 100 na finafinansu su zama na Turai.

Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar UNESCO. Wakilanmu su riƙa jin ta bakin marubuta da mawaƙa da 'yan fim tun kafin su sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci, domin alkawarin buɗe kasuwa idan an ɗauka, janye shi sai da diyya.