Gejin riba: Darasin da kamfanonin Tailan suka koya daga rikicin 1997

A ranar 2 ga Yulin 1997 gwamnatin Tailan ta saki kuɗin ƙasar, wato bat, ta bar kasuwa ta yanke masa daraja. Dala ɗaya da ake canzawa a kan bat 25 sai ga ta ta haura bat 50 a Janairun 1998. Kamfanonin da suka ciwo bashi da dala alhali cinikinsu da bat ne suka wayi gari bashinsu ya ninka, aka rufe cibiyoyin kuɗi 56, har ƙasar ta nemi tallafin kusan dala biliyan 17 ƙarƙashin jagorancin Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Abin lura shi ne, manajojin waɗannan kamfanoni ba jahilai ba ne. Sun san tsarin auna aiki da Frederick Taylor ya shimfiɗa a 1911, sun kuma san ra'ayin Milton Friedman na 1970 cewa haƙƙin da ke wuyan kamfani shi ne ƙara riba cikin bin doka. Wannan ilimi ya koya musu yadda ake gudu, amma bai nuna musu inda ake tsayawa ba.

A Disamban shekarar ne Sarki Bhumibol Adulyadej, wanda ya rasu a 2016, ya farfaɗo da falsafarsa ta tattalin arzikin wadatar zuci. Ginshiƙanta uku ne: matsakaicin hali, aiki da hankali, da garkuwar jure girgiza, sharuɗɗanta biyu kuwa su ne ilimi da nagarta. Falsafar ba ta haramta riba ko bashi ba. Abin da take cewa kawai shi ne, kada ɗan kasuwa ya ɗauki kayan da wuyansa ba zai iya ba. Masu iya magana kan ce, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Dubi Siam Cement, kamfanin da aka kafa a 1913. Rikicin ya riske shi da bashin waje na fiye da dala biliyan 4. Sai ya sayar da rassan da ba su ne ginshiƙin sana'arsa ba, ya rage bashi, ya ƙara fitar da kaya waje domin samun dala. Manufar ta wadatar zuci ce, amma kayan aikin, wato binciken kuɗi da auna haɗari, na Turawa ne. Ko Aristotle ma, tun zamanin Girkawa, nagarta a wurinsa tana tsakanin wuce gona da iri da gazawa.

Sai dai ba a rasa masu suka ba. Wasu masana na ganin falsafar ta yi faɗi har kowa na iya fakewa da ita, musamman da gwamnatin da sojoji suka kafa bayan juyin mulkin 2006 ta mai da ita take. Lalle wadatar zucin da ba a rubuta ta da alƙaluma ba, wa'azi ce kawai.

Mai karatu bai manta ba, da aka saki naira a Yunin 2023, manyan kamfanonin Nijeriya masu bashin dala sun tafka irin wannan asara. Saboda haka ya wajaba hukumar gudanarwar kowane kamfani ta rubuta gejin bashin da ba za ta tsallake ba, ta kuma tambayi kanta: in darajar kuɗinmu ta faɗi da rabi gobe, za mu iya biyan albashi?