Shawara da Mai Ciwon Ƙirji a Gadon Asibiti

A zamanin da ya shuɗe, idan numfashi ya sarƙe wa mutumin Fakku ko na wani ƙauye a ƙasar Kebbe, aka ɗauke shi zuwa babban asibitin Tambuwal, ko kuwa abin ya faskara aka zarce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, to, tun daga ranar da aka ba shi gado sai ya zama tamkar ajiya, likita ya rubuta, mai jinya ya sayo, shi kuwa nasa haɗiyewa. Sannu a hankali wannan ɗabi'a ta fara sassautawa, har ana jin likita na tambayar marar lafiya ko ya yarda da abin da za a yi masa.

Babban sababin wannan sauyi yana cikin halin cutar kanta. Asma, da toshewar hanyoyin iska da hayaƙi ke haddasawa, da tabon da tarin fuka ke bari a huhu bayan an warke, ba irin zazzaɓin damina ba ne da allurar kwana uku ke kora. Abokan zama ne na shekaru, kwanciyar asibiti kuwa 'yan kwanaki ce a cikinsu. Matar da ta shekara talatin tana hura murhu da karan dawa a ɗakin girki marar taga, da manomin da ke shaƙar ƙaiƙayi lokacin sussuka ga hazon hunturu a kansa, duk can za su koma ranar sallama, inda babu likita, babu nas. Maganin tarin fuka ma, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta, wata 6 ake yi ana sha, kuma wanda ba a faɗa masa cewa fitsarinsa zai yi ja ba yana iya tsorata ya jefar da ƙwayoyin tun a makon farko. Likitoci sun gane cewa hukuncin da aka yanke ba da sanin mai shi ba, a bakin ƙofar asibiti yake tsayawa.

Doka ma ta sa baki. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dokta Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a bayyana wa marar lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji, sa'an nan a 2018 aka ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya. Wannan kuwa ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a kan ilimin ɗibbu, domin malaman fiƙihu sun daɗe da sharɗanta izini, har suka ɗora lamuni a kan mai maganin da ya taɓa jikin mutum ba tare da shi ba.

Fa'idar da aka samu ba ta ɓuya. Akwai masu ɗauka cewa wanda aka sa wa robar oksijin a hanci ajalinsa ne ya matso, akwai kuma masu gudun maganin shaƙa wai jiki yana sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Irin wannan waswasi ba ya fitowa sai an ba mutum damar magana, kuma da zarar ya fito, warware shi ba ya cin minti biyar.

Amma fa, a nan gizo ke saƙa. Na taɓa tsayawa a wani ɗakin mata lokacin zagayen likita, ga wata dattijuwa an jingina ta da matasai biyu saboda ba ta iya kwanciya, kafaɗunta na hawa suna sauka. Likita ya ce, “Inna, yaya ƙirjin?” Kafin ta tattara numfashin amsawa, ɗanta ya riga ya ce da sauƙi, ya kuma roƙi a sallame su ranar Juma'a. Ita dai ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Ban ga laifin yaron ba, domin shi ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin mota da na gado, shi kuma ya san abin da ya saura a aljihu. Sai dai abin da aka rubuta a fayil a matsayin zaɓin marar lafiya, a haƙiƙa zaɓin aljihu ne. Kunya da biyayya kan sa mace ta bar wa miji ko ɗa amsa, dattijo kuwa ya ce, “Likita, duk yadda ka gani,” likitan da layi ke jiransa sai ya karɓi wannan a matsayin yarda. Mafi muni shi ne inda shawara ta koma dangwala yatsa a takardar Turanci, wadda amfaninta kawai ta wanke asibiti idan abu ya ɓaci.

A ganina, korar dangi daga bakin gado kuskure ne, tun da su ne za su gyara murhu, su kuma sayo magani idan ya ƙare. Abin da ake bukata ya fi haka sauƙi: likita ya ja kujera, ya yi tambayar da Hausa, ya jira mai ciwon ya huta ya amsa da bakinsa, kuma kafin sallama a miƙa masa abin shaƙar ya gwada a gaban nas. Ku kuma masu jinya daga Fakku, idan likita ya tambayi Inna, ku yi haƙuri ku bar ta ta gama numfasawa.