Shin Ko Kun San Duniya Na Farautar Tsofaffin Faya-fayanmu?

Jama'ar Dogon Kiriya, Dogon Dutsi, Tibiri da sauran ƙasar Arewa, ku matso kusa. Yau zancen faifan garmaho ne, wanda kaka ya jefa ƙasan adaka tun ba a haife ku ba. Shin ko kun san akwai masu hawa jirgi daga Jamus, Ingila da Amurka don nemansa kawai? Abin da suka fi bi shi ne kiɗan fank da sol na shekarun 1970, mai kaurin jita da ƙaho, irin wanda James Brown ya zo da shi Legas a 1970 samari suka rikice. Kuma ba na manyan taurari suke so ba. Na ƙananan ƙungiyoyin da aka manta!

Mu fara daga gida. Shin ko kun san kaset kusan 100 kacal aka buga na kundin farko na makaɗi Mamman Sani? Ɗari fa, ga ƙasar Nijar baki ɗaya! A lokacin ma'aikacin UNESCO ne. Wajen wani taro ya ga ogan ƙirar Italiya mai suna Orla a hannun wani ɗan Ruwanda, ya saye. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai aka ɗauki sautinsa, shi kaɗai da na'urarsa.

Ga abin mamakin: kun sha jin kiɗan nan ba ku san mai shi ba. Shekara da shekaru ana sa shi tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na birnin Fotlan a Amurka ya fitar da shi a faifai. Ku lissafa: shekara 35 yana jira!

Ku leƙa Tawa. Can akwai ƙungiyar Azna de l'Ader, wadda ta faro tun shekarun 1970 ƙarƙashin wani gwanin jita da ake kira Mona. Yana sa jita kuka da kururuwa, har ana kwatanta shi da Jimi Hendrix. Mutanen Adar, wato yankin Tawa, sun san su ciki da bai, duniya kuwa shiru. Sai da furfura ta fito kana kamfanin nan na Sahel Sounds ya fitar da kundinsu mai suna Zabaya.

To, mu tsallaka iyaka. Shin ko kun san Kano ta yi ƙungiyar fank da rok? Elcados ke nan, masu kaɗa wa ƴan gayu a gidajen rawa cikin shekarun 1970. Kamfanin Soundway na Ingila ya tono wata waƙarsu ya sa cikin tarin tsofaffin waƙoƙin Najeriya a 2008. Jos ma ba a bar ta a baya ba: ta yi ƙungiyar Sahara All Stars ta Dan Satch Ayuba.

Wannan kuwa sai kun yi dariya. A 2001 an fitar da wani shahararren tari a Landan mai suna Nigeria 70, aka rubuta a bangonsa cewa labarin kiɗan Legas ne. Ku buɗe ciki: ga ƴan Jos, ga kuma Bala Miller na Kaduna da waƙarsa Ikon Allah! Turawa na ta rawa da Hausa, suna zaton Legas suke ji.

Ku bi hanyar Doso zuwa Gaya, ku haye gada, ku miƙe sai Paraku a arewacin Benin. Nan ƙungiyar Super Borgou ta Musa Mama ta zuba fank da harshen Bariba da Dandanci. An tattara waƙoƙinsu na 1970 zuwa 1976 aka sake fitarwa a 2012. Wa ya yi aikin? Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa a Jamus. Kun san dabararsa? Aikin hidimar fasinja ya kama a jirgin Lufthansa, don ya riƙa sauka biranen Afirka yana tonon faifai!

Wata sabuwa: a 2011 an kwaso waƙoƙi daga katin wayoyin salula na matasan Sahara, aka buga su a faifan garmaho, aka sayar a Turai da Amurka. Mu muna gudun faifai zuwa waya, su suna kwashewa daga waya zuwa faifai.

Shi kansa faifan abin kallo ne. Ƙaramin, mai faɗin inci 7, yana juyawa sau 45 a minti ɗaya. Waƙar minti uku, juyi 135 ke nan. Babban mai inci 12 yana yin 33 da ɗan ɗoriya. Layuka nawa kuke gani a fuskarsa? Ɗaya ne tak, ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya! A babban faifai, in da za a warware shi, sai ya kai wajen mita 400. Duk allura ke bin sa da ƙafa.

Kuɗi fa? A kasuwar intanet ta Discogs, faifai guda na ƙungiyar da ba a sani ba kan kai ɗaruruwan daloli, in bai ƙarje ba kuma bangonsa na nan. Ƙarancinsa ne tsadarsa: kaɗan aka buga, zafi ya lanƙwasa wasu, gara ta ci bangon wasu, yara suka yi wasa da sauran.

Saboda haka, ranar da kuka buɗe adakar tsoho, ku bi a hankali. Faifai a tsaye ake ajiye shi, cikin inuwa, nesa da rana da ƙura. Kada a goge shi da tsumma mai kaushi. Tsohon kaset ma kada a yar, don kiɗan Nijar da yawa a zare ya rayu. Ku tambayi dattawa sunan ƙungiyar da ta kaɗa a bikinsu, ku rubuta, sannan ku ba na kusa da ku labari.