Karen da Tsawa ta Firgita: Mafaka Yake Nema, Ba Sanda Ba

A ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, daga Mai Wurno da ke kudu da Sinnar, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa ƙauyukan Jazira, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin gona da garke, shi ke bin mafarauci, har aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Amma wannan ma'aikaci yana da wani rauni da ba a cika kula da shi ba, wato tsoron ƙara. Kunnensa na kama sautin da ya ninka iyakar jin ɗan Adam fiye da sau biyu wajen siranta, saboda haka tsawar damina ba ɗaya take ba a wurinsa da wurinmu. Wani bincike da aka buga a ƙasar Finlan a 2020, kan karnuka fiye da 13,000, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku suna fama da tsoron ƙara. Can ke nan, inda ake zaman lafiya. Ina ga Sudan, ƙasar da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, dakarun RSF masu yaƙar sojojin gwamnati suka shiga Wad Madani a Disambar shekarar, suka shiga Sinja a Yunin 2024, aka yi watanni ana kwana da rugugin manyan bindigogi? Abin da nake son tabbatarwa shi ne, firgitaccen kare ba ya warkewa da duka, kuma kwantar masa da hankali kariya ce ga mutanen gida kafin ta zama alheri ga dabba.

Kare ba ya ɓoye tsoro, mu ne ba mu iya karanta shi ba. Yakan cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa baya, ya riƙa lasar leɓe da hamma ba don barci ba, ya yi ta haki ko da babu zafi, jikinsa na ɓari, ya kau da kai amma farin idonsa a waje. In waɗannan ba su sa an ƙyale shi ba, sai gurnani, kuma gurnani gargaɗi ne na ƙarshe. A nan kuskuren yake: wanda ya doki kare don ya yi gurnani bai cire masa tsoro ba, gargaɗin kawai ya kashe, gobe sai cizo ba sallama. Masu cewa sanda ke sa kare zafin gadi sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Mai gadi na gaskiya yana bambance ɓarawo da yaron maƙwabta, shi kuwa wanda ya tashi cikin duka da jifa kowane hannu da aka ɗaga abokin gaba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, in kuma babu hanyar gudu, tura ta kai bango, yaron da ya fi kusa shi ke ɗaukar haƙori.

Maganin ba shi da tsada. Na farko mafaka: wani lungu mai duhu, ƙarƙashin gadon angarib ko gindin rumbu, inda zai shige da kansa, a hana yara jawo shi, a ajiye masa ruwa. Kada a ɗaure shi a fili lokacin hadari, domin ɗaurarren da ya firgita yana iya shaƙe kansa da igiya. Na biyu sabo a hankali: a bar shi ya ji abin da yake tsoro daga nesa, inda bai kai ga ɓari ba, a jefa masa ɗan nama ko ragowar tuwo, a riƙa matsowa kaɗan-kaɗan cikin makonni, har ƙarar ta zame masa alamar abinci. Sannu ba ta hana zuwa. Na uku shi ne tun ƙuruciya, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu binciken halayyar karnuka sun daɗe da nuna cewa daga mako 3 zuwa kamar 12 na rayuwa ne ɗan kwikwiyo ke koyon abin da ba abin tsoro ba ne, don haka a bar shi wurin uwarsa har mako 8, yana ganin mutane da awaki da jakuna da babura cikin lumana. Ana cewa lallashi na ƙara wa kare tsoro, amma tsoro ba dabara ba ce da yake yi don a ba shi lada. Zama kusa da shi da murya mai sanyi ba ya ɓata komai. A Turai da Amurka likitoci na ba da magunguna irin su Sileo na tsoron ƙara, amma wannan aikin likitan dabbobi ne. Ƙwayoyin mutane irin su ibuprofen guba ne ga kare.

Wani zai ce, mutane na gudun hijira da yunwa, wa ke ta kare? Hujja ce mai nauyi, sai dai abin da aka lissafa ba ya rage wa kowa loma, kuma rashinsa mutum yake cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Inda asibitoci suka rushe, kowane cizon da aka kauce masa rai ne aka tsare. Amma a lura da bambanci: mai tsoro yana dawowa hayyacinsa idan ƙara ta wuce, wanda kuwa halinsa ya juya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ba na lallashi ba ne, na nisanta ne. In ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nemi allura a ranar.

Saura masu fakewa da addini. Mazhabar Malikiyya da Hausawa da yawancin mutanen Sudan ke bi tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da noma. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo tare da su, hadisi ingantacce kuma ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba a ce a kwana da shi a ɗaki ba, amma babu inda aka ce a azabtar da shi. Duk wanda ya ɗora wa dabba gadin dukiyarsa ya ɗauki amanarta, kuma yaran gidansa su ne farkon masu cin ribar riƙon wannan amana.