Batir wanda ba shi yoyo: yadda za ku zaɓe shi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau batir ya zama kayan gida. A da ba a ganin babban batir sai cikin motar kasuwa ko kamiyon ɗaukar gujiya. Yanzu kuwa akwai shi a babur, akwai shi a keke mai ƙafa ukku, akwai shi kuma a gida inda faifan hasken rana ke cika shi don fitila da rediyo da salula. Batir ba shi da arha. Wani sai ya saida akuya ko buhun wake kafin shi saye shi. In ya yi zaɓen tumun dare, kuɗi sun tafi, kuma ruwan batir ya ɓata mashi kaya. Don haka ku karanta wanga bayani da kyau kafin ku tafi kasuwa.

Mi ke cikin batir?

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté shi ya ƙago irin wanga batir a shekarar 1859. Cikin akwatin batir na mota akwai ɗakuna 6. Kowane ɗaki na da faya-fayen darma da anka tsoma cikin ruwa mai asid. Kowane ɗaki na bada bolt 2 da ɗan kai. Ɗakuna 6 sun tashi bolt 12. Shi ya sa kuke ganin an rubuta 12 V a jikinshi.

Ruwan da ke ciki ba na wasa ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin ukku asid ne. In ya ɗiga a riga, sai ta huje. In ya zuba a ƙarfe, sai shi ci shi sannu sannu. In ya taɓa fata, shina ƙonawa. In ya shiga ido, shina iya makantar da mutum.

Mi ke sa batir yoyo?

Na ɗaya, girgiza. Hanyoyinmu na ƙauye duk ramu ne da gargada. Ruwan shina ta kaɗawa ciki har shi fito ta bakin murfi.

Na biyu, zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Zafi na sa ruwan ƙafewa, kuma shina gaggauta cin darma. Masana sun auna cewa daga digiri 25, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 na rage kwanakin batir da kusan rabi.

Na ukku, cikawa fiye da kima. In wutar da ke shiga batir ta yi yawa, ruwan shina tafasa, shina fidda iska mai kama wuta, shina tofo asid waje.

Na huɗu, faɗuwa ko karkacewa. Babur ya faɗi, ruwa ya zube. Akwati ya tsage, ruwa ya tsiyaye.

Ga alamun da za ku gane: farin gari ko mai shuɗi-shuɗi a kawunan batir, danshi a samanshi, tsatsa a mazauninshi, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko kuma akwatin ya kumbura.

Darasi daga motar tsere

A shekarar 1989 kamfanin Mazda na birnin Hiroshima, a ƙasar Japan, ya fito da wata ƙaramar mota mai gudu, mai kujera biyu, ana ce mata MX-5. Ta samu karɓuwa ƙwarai, har a shekarar 2016 anka ƙera ta miliyan ɗaya. A ƙirar farko maƙeran ba su sa batir kusa da inji ba. Sun kai shi can baya, wurin ajiye kaya, don nauyin gaba da na baya su daidaita.

Amma wurin kaya rufaffe ne. Mota mai gudu kuma tana shan kwana da ƙarfi. In anka sa batir mai ruwa a nan, asid za shi fantsama shi ci ƙarfen motar, iskar nan mai kama wuta kuma ta taru ba ta da mafita. Sai sunka sa batir rufaffe wanda ba shi zuba, sunka haɗa mashi ƴar tiyo mai fidda iska waje. Mai irin wagga mota in ya canza batir ya sa mai ruwa don neman arha, yakan tarar da tsatsa ta cinye wurin. Gyaran ƙarfen ya fi rarar da ya samu tsada.

Mu ba mu da motar tsere a ƙauye. Amma girgizar da babur ke sha a hanyar kasuwa ba ta gaza tata ba, kuma ɗakunanmu ma rufaffu ne. Dabarar da ta yi amfani can za ta yi amfani nan.

Batir iri huɗu ne

1. Mai murfuna. Shi ne na da, mai ƴan murfuna 6 a sama. Ya fi sauran arha. Amma shina son kulawa: kowane wata a buɗe a duba, in ruwa ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir da ake saidawa a gareji. Kada a ƙara ruwan rijiya, gishirin da ke ciki na kashe batir. Kada a ƙara asid, don ruwa ne ke ƙafewa, asid na nan. Irin wanga shi ya fi yoyo.

2. Mai alamar MF. Samanshi a rufe shike, ba a ƙara mashi ruwa. Amma ku sani har yanzu ruwa ne ke kaɗawa ciki. In anka kwantar da shi ko anka kifa shi, shina iya zuba. Mutane da yawa na ruɗuwa a nan.

3. Mai alamar AGM. A cikinshi an sa wani abu kamar auduga, na zaren gilashi, tsakanin faya-fayen darma. Shi ke shanye asid ɗin duka, babu ruwan da ke yawo. Ko an karkata shi ba shi zuba, kuma shina jure girgiza. Iskar da ke tashi ciki tana komawa ruwa, ba ta fita sai in wuta ta yi yawa. An fara ƙera irinshi a Amurka a shekarun 1970. Shi ne irin wanda anka sa ma motar tseren nan, kuma shi ya fi dacewa da babur da motar da ke bin hanyar ƙauye.

4. Mai alamar GEL. An dama asid ɗin da wani gari mai laushi na sinadarin yashi har ya yi kauri ya daskare. Kamfanin Sonnenschein na ƙasar Jamus ya fito da shi a shekarar 1957. Shi ma ba shi zuba. Ya fi kyau ga aikin da ke jan wuta sannu sannu, kamar fitilun gida da faifan hasken rana. Ba shi son a cika shi da wuta mai ƙarfi.

Gaskiya ɗaya ce: rufaffen batir ya fi tsada, kuma ba a buɗe shi. In wuta ta yi mashi yawa ya bushe, babu hanyar ƙara ruwa, ya mutu ke nan. Don haka mai saye shi sai shi tabbata abin da ke cika shi lafiya lau shike.

Kafin ku tafi kasuwa

Nan ne karatu ke rana. Ku ɗauki takarda da alƙalami, ku tsuguna gaban tsohon batir, ku kwafe abin da anka rubuta.

Ku rubuta lambar da ke kusa da harafin V. Sabon batir tilas shi zo daidai da ita. Manyan kamiyoyi da yawa na aiki da bolt 24, wato batir biyu a haɗe. Su ana canza su tare, iri ɗaya, kada a haɗa tsoho da sabo.

Ku rubuta lambar da ke kusa da Ah. Ita ke nuna girman rumbun batir, wato yawan wutar da shike iya ajiyewa. Na babur ƙarama ce, sau da yawa ba ta kai 10 ba. Na mota takan kama daga 45 zuwa 100. Kada ku sayi wanda ya gaza na da.

Ku auna tsawo da faɗi da tsayi da igiya ko kara. Batir da bai zauna daram a mazauninshi ba, girgiza za ta fasa shi.

Ku zana inda alamar + take da inda alamar – take. Wani + na dama, wani na hagu. In kunka kuskure, waya ba za ta kai ba.

Ku san aikin da za shi yi. Batir na tada inji faya-fayenshi sirara ne, shina bada wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido. Na hasken rana faya-fayenshi masu kauri ne, shina bada wuta kaɗan kaɗan har dare shi raba. In kunka sa na mota a gida kuna zuƙe shi kullum, ba za shi daɗe ba.

Mu yi lissafi kuma. A ce wani batir jika 40 ne, ya yi shekara 2. Kowace shekara ta ci jika 20. A ce wani jika 60 ne, ya yi shekara 4. Kowace shekara ta ci jika 15. Wanne ya fi arha? Hausawa sun ce arha ba ta ado.

A wurin mai saidawa

Ku ce mashi shi auna batir da na'urar awo a gabanku. Cikakke na nuna 12,6 ko sama da haka. In ya nuna ƙasa da 12,4, ya daɗe a ajiye ba a cika shi ba. Ku tambayi ranar da anka ƙera shi, akan buga ta a jikin akwati ko a ƴar takarda. Wanda ya wuce wata 6 a kanti, ku nemi wani. Ku ɗaga shi ku ji nauyi. Darma na da nauyi, in batir biyu girmansu ɗaya amma guda ya cika sakayau, an rage mashi darma. Ku duba kawunan, in sun karce ko sun ci, tsoho ne anka wanke. Daga ƙarshe ku karɓi takardar saye mai kwanan wata da yawan watannin lamuni. Ku karanta ta kafin ku biya.

Yadda ake ɗaurawa

A kashe inji. A tuɓe zobe da agogo. Kada a sha taba kusa, kada a haska da ashana. Wurin cirewa, a fara kwance wayar –, sannan ta +. Wurin ɗaurawa, a fara da +, a ƙare da –. Dalili shi ne jikin mota duka a haɗe shike da –. In sifana ta taɓa + da jikin mota lokaci guda, wuta za ta tashi. A ɗaure batir tamau da ƙarfenshi, a shafa ɗan giris a kawunan. Sannan bakanike shi tada inji shi auna wutar dinamo. Ya kamata ta tsaya wajen 14. In ta kai 15, a gyara dinamo tukuna, in ba haka ba za ta dafa sabon batir kamar yadda ta dafa tsohon.

A gida kuwa, kada a haɗa faifan hasken rana kai tsaye da batir. A sa ƴar na'urar daidaita wuta a tsakani. A ajiye batir a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara. Kada a zuƙe fiye da rabin wutarshi kafin a sake cika shi.

In asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, aƙalla minti 15, sannan a gaggauta zuwa likita. In a ƙarfe ya zuba, ruwan kanwa na kashe kaifinshi, amma a kiyaye kada shi shiga cikin batir.

Tsohon batir guba ne

Darma guba ce, musamman ga yara. A wata unguwa ta Thiaroye, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, mutane sun riƙa fasa tsofaffin batura suna tara darma don saidawa. Ƙurar ta cika gidaje. Daga ƙarshen shekarar 2007 zuwa farkon 2008, yara 18 sunka rasu. Allah shi jiƙansu.

Makiyaya, ku ma ku kula. Shanu na son lasar fasasshen batir, kuma kaɗan ya isa shi kashe maraƙi. Kada ku yar da batir a bayan gari ko kusa da rijiya. Kada ku fasa shi, kada ku narka darmarshi a gida, kada ku maida akwatin mazubin ruwan kaji ko na iri. Ku maida shi ga mai saida batir ko gareji. Ana sayenshi, don a masana'anta ana narka darmar a sake sabo.

Jama'a, wanda ya karanta shi karanta ma maƙwabcinshi da bai iya ba tukuna. Ku kawo maganar a cibiyar yaƙi da jahilci, a kawo tsohon batir gaban allo, kowa shi gwada karanta V da Ah da + da –. Allah shi tsare muna dukiyarmu da ƴaƴanmu, shi ba mu damana mai albarka. Amin.