Shuka A Tukunya Ta Zama Hanyar Neman Abinci

Duk wanda ya bi manyan titunan Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Abuja, lalle ya ga waɗansu mutane a gefen hanya sun jera tukwane da ledoji sahu-sahu, cike da furanni da tsirrai masu kyawun ganye. Galibinmu mukan wuce su ko waiwaye ba mu yi, muna ɗaukar abin al'adar Turawa ce ko ta masu hannu da shuni. Alhali kuwa daga cikin waɗannan tukwane ne waɗansu magidanta su ke samun kuɗin cefane da na makarantar 'ya'yansu. Mu da aikinmu ya ke sa mu zagaya makarantu, muna ganin yawan samari da 'yan mata da su ke gama karatu kowace shekara, su koma gida su zauna jiran takardar ɗaukar aiki. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa jama'a bayanin wannan sana'a, ribarta da haɗarinta duka.

ABIN NAMU NE

Da farko dai mu kawar da zaton nan na cewa tsirran ado duka baƙi ne a ƙasarmu. Ga moɗa, mai dogayen ganye masu kauri da zane-zane, wadda kakanninmu su ke fid da zare daga jikinta. 'Yar'uwarta ta kusa, wadda asalinta daga Nijeriya ne zuwa Kwango, yau tana cikin tsirran da aka fi ajiyewa a ɗakuna da ofisoshi a Turai da Amurka, domin tana jure ƙarancin haske da ƙishirwa. Ga kuma ƙariya, ɗan itacen nan mai kaurin gindi, wanda ya kan yi fure ja-ja da rani sa'ad da babu ko ganye a jikinsa. Tsiron ƙasashen Sahel ne, daga Senegal har Sudan, amma mutanen Tailan ne suka ɗauke shi, suka yi ta aurar da irinsa har suka fid da launuka iri-iri, suna sayar wa duniya.

Haka ya faru a gabashin Afirka. A 1892 wani ma'aikacin gwamnatin Jamus, Walter von Saint Paul, ya ga wani ɗan fure shuɗi a duwatsun Usambara, cikin ƙasar da a ke kira Tanzaniya yanzu, ya aika wa mahaifinsa da irinsa. Jikokin wannan ɗan fure su ne a ke sayarwa a kantunan Turai har gobe. Watau dai waɗansu sun daɗe suna cin arzikin abin da ya ke tsirowa a bayan gidajenmu.

JARIN DA A KE BUKATA

Kyawun wannan sana'a shi ne ba ta neman gona. Ɗan fili a tsakar gida, inda inuwar darbejiya ko rumfar zana ta ke tare zafin rana, ya isa mafari. Wannan ya sa ta dace da matan aure waɗanda ba su fita, da malamin makaranta bayan an tashi, da wanda ya yi ritaya.

Abin zuba ƙasa ba ya wuya. Masu renon dashe sun daɗe suna amfani da ledar ruwan sha da aka yar, su huda gindinta. In tsiro ya girma sai a mai da shi tukunyar ƙasa, wadda ta fi ta roba a ƙasa mai zafi, gama tana tsattsafo, saiwa ta sami sanyi da iska. Nan kuma maginan tukwane sun sami kasuwa. Kowace irin tukunya ce, tilas a huda gindinta don ruwa ya fita. Ƙasar kuwa a haɗa ta kashi 3: yashi mai tsakuwa, da baƙar ƙasa, da ruɓaɓɓen taki. In an sami ƙaiƙayin shinkafa a ƙara, don ta yi sako-sako. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙone saiwa, sai ya ruɓe sarai tukuna.

Babban jarin dai ruwa ne. Wanda ya ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, to, ya yi lissafin watannin Maris da Afrilu da Mayu tun kafin ya fara, ya kuma zaɓi tsirrai masu jimirin ƙishi, kamar moɗa da ƙariya da alobera. Fure mai son sanyi a bar wa mutanen Jos, waɗanda garinsu ya ke bisa tudu mai tsawon kamar mita 1,200.

YADDA ƊAYA KAN ZAMA GOMA

Asirin ribar yana cikin iya yawaita tsiro. Moɗa da alobera su kan fid da 'ya'ya a gindi, sai a zare uwar daga tukunya, a raba, kowane da saiwarsa. Ana kuma iya yanka ganyen moɗa gunduwa-gunduwa, a bar shi kwana 2 bakin yankan ya bushe, a kafa a yashi. Amma a lura: irin nan mai rawayan baki, in an yi shi ta ganye, 'ya'yan kore su ke fitowa ba rawayan, sai ta hanyar rabawa kaɗai ya ke riƙe adonsa. Tsirrai masu yaɗo kuwa, a yanko reshe mai gaɓa, a tsoma gaɓar a kwalbar ruwa, cikin mako 2 zuwa 4 saiwa ta fito. Ƙariya tana kamawa ta reshe, amma wadda aka shuka daga ƙwaya ita ce ta ke yin ƙaton gindin nan da masu saye su ke so.

To, mu yi ɗan lissafi irin na aji. Mu ƙaddara mutum yana da tukunya 10, kowace tana rabuwa 3 a shekara. A ƙarshen shekara yana da 30. In ya sayar duka ya ci jarinsa. In kuwa ya sayar da 15 ya ajiye 15, baɗi yana da 45. Da rarrafe yaro kan tashi. Sai dai kada a manta da asara. In an dasa 100, 20 suka mutu, kuɗin ƙasa da ruwa da leda na 100 ɗin nan a kan 80 za a raba shi. Wanda bai ajiye littafin shiga da fita ba, bai san ko yana ci gaba ko baya ba, ko da kuwa kullum da kuɗi a aljihunsa.

Abin da ya fi kashe tsiron ɗaki shi ne yawan ban ruwa. A tsoma yatsa a ƙasar, in da danshi a ƙyale. Da hunturu a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. In an ga wani farin ƙwaro kamar auduga a hammatar ganye, a ware wannan tukunya nan da nan, a wanke da ruwan sabulu, kafin ya bi sauran.

INA KASUWAR?

Masu saye ba su rasuwa: masu sababbin gidaje, da otal-otal, da bankuna, da makarantu. Waɗansu ma ba su sayarwa, haya su ke bayarwa don ƙawata wurin biki ko taro, a gama su kwashe kayansu. Waɗansu kuma su kan yi yarjejeniya da ofis, su riƙa zuwa ban ruwa da gyara, a biya su a wata. Mace tana ɗakinta tana iya ɗaukar hoton kayanta da waya, ta sa a WhatsApp ko Facebook, yaro ya kai. Mai ajiye kaya a gefen titi kuwa ya fara neman iznin hukuma, don kada a wayi gari an kwashe masa. In masu sana'ar sun yi yawa, haɗa kai ya fi. Babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan, wadda ta shahara a duniya, manoma ne suka kafa ta da ƙungiyar gama kai.

KWAƊAYI MABUƊIN WAHALA

A ƙasar Holan ɗin nan ne kuma aka taɓa yin haukan wani fure mai suna tulif, har aka yi ta cinikin waɗansu a kan kuɗin da ya isa sayen gida. A watan Fabrairu na 1637 kasuwar ta faɗi warwas. Irin wannan ya sake faruwa a zamanin annobar korona, sa'ad da mutane su ke kulle a gida. A watan Yuni na 2021 an sayar da wani ɗan tsiro mai farin zane a ganye a ƙasar Niyu Zilan a kan dalar ƙasar 27,100. Ba a daɗe ba masana suka yawaita irin waɗannan tsirrai a ɗakunan gwaji, farashinsu ya karye. Kada mai ƙaramin jari ya zuba kuɗinsa a kan abin yayi. Kuma shigo da tsiro ko iri daga wata ƙasa sai da takardar iznin hukumar da ke tsare lafiyar tsirrai, don gudun kawo cuta.

Sai maganar amana. Kada a sayar wa mutum reshen da aka kafa jiya a ce ya yi saiwa, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuma a ce tsiro yana tace iskar ɗaki. Gwajin da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989 a cikin rufaffun akwatuna ne, binciken baya kuwa ya nuna 'yan tukwane kaɗan ba su canja iskar ɗaki sosai. Wajibi ne a gaya wa mai saye in tsiro yana da dafi. Ruwan jikin ƙariya guba ne, akwai kuma wani mai faɗin ganye da fararen ɗige-ɗige, wanda in yaro ya tauna bakinsa da harshensa su kumbura. Ruwan da ya kwanta a faifan ƙarƙashin tukunya a riƙa zubar da shi, domin wajen kwana 10 sun ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Daga ƙarshe, kada a bi daji ana tumɓuke ƙariya da moɗa don sayarwa. A ɗebo iri ko reshe, a bar uwa a wurinta.

KIRA GA MAKARANTU

Wurin neman ƙarin ilmi yana nan kusa. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, akwai kuma kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu a Daɗin Kowa ta Jihar Gombe. Muna roƙon shugabannin kwalejojin horon malamai su keɓe wani lungu don renon tsirrai, ɗalibai su riƙa kula da shi, su riƙe littafin lissafinsa da kansu. A wuri guda an koyar da kimiyya da lissafi da ciniki ke nan. Malamin da ya fita da wannan a hannunsa zai kai shi ƙauyen da aka tura shi, yara su gani su koya, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana tara gwangwanaye yana shuka a ciki, kada ku zubar masa, ku nuna masa inda zai huda gindinsu. Allah ya sa albarka a cikin abin da hannuwanmu su ke shukawa, amin.